Moɗa Tamu Ce, Mu Yaɗa Ta Da Hannunmu

Akwai wani tsiro wanda a yau a ke sayar da shi cikin tukwane a bakin manyan hanyoyin biranenmu, ma'aikata na saye da tsada suna ƙawata ofis da zaure, da yawansu kuwa suna zaton daga ƙasashen Turai ya zo. Ganyensa dogo ne, miƙaƙƙe kamar takobi, da zane-zane a jikinsa. To, jama'a, wannan tsiro ba baƙo ba ne. Dangin moɗa ne, ba moɗar ɗiban ruwa a randa ba, ita moɗar da ke fitowa a inuwar itatuwa da gindin suri, wadda kakanninmu su ke fitar da zarenta su tufka igiya da tsirkiyar baka. Irin da a ke ado da ita asalinta daga nan Afirka ta Yamma ne, daga Nijeriya har zuwa Kongo. Daga nan aka kwashe ta zuwa Turai, inda Ingilishi su ka laƙaba mata suna harshen suruka.

Ra'ayina shi ne, bai kamata malamin makaranta ko akawu ya riƙa zuba kuɗi kan abin da zai iya yaɗawa da hannunsa ba, kuma bai kamata yaro ya fita firamare bai taɓa dasa shi ya ga ya kama ba.

Na san abin da wasu za su ce: shukar ado aikin marasa aiki ne, ga kuma ƙarancin ruwa. Amma moɗa ba ta cikin tsirran da ke shanye rijiya. Ganyenta kauri gare shi, yana ajiye ruwa. Ƙananan ƙofofin da ta ke shaƙar iska da su kuwa a rufe su ke da rana, sai da dare ta ke buɗe su, don haka zafin rana ba ya tsotse ta. Abin da ya fi kashe ta ma yawan ban ruwa ne, gama saiwarta ruɓewa ta ke yi in ƙasa ta daɗe a jiƙe. Wanda ya ke da ruwan kofi guda a mako biyu ya isa ya riƙe ta.

Hanyoyin yaɗa ta 2 ne, kowace da ranarta.

Ta farko ita ce ta ganye. A sami lafiyayyen ganye, a yanke shi daga gindi da wuƙa mai kaifi, a gutsuttsura shi inci 3 ko 4 kowane yanki. Tun ana yanka a yi wa gefen ƙasa na kowane yanki alama, domin in aka dasa shi kai a ƙasa ba zai yi saiwa ba. A shanya su a inuwa kwana 2 ko 3 har bakin yankan ya bushe. Sa'an nan a sami tukunyar ƙasa mai huji a gindi, a cika ta da yashi haɗe da ƙasa da ɗan ruɓaɓɓen taki, a soka kowane yanki zurfin inci 1. A ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa tsaka, kada a ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe. Saiwa kan fito cikin mako 4 zuwa 8, sabon toho kuwa ya kan ɗauki wasu watanni, balle in da hunturu aka dasa. Mai haƙuri ya kan dafa dutse. Da ganye ɗaya sai mutum ya sami tsiro 5 ko 6.

Ta biyu ita ce ta raba gindi. Moɗa tana da wata saiwa mai kauri da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da 'ya'ya. A juye tukunya, a kakkaɓe ƙasa, a yanke saiwar nan yadda kowane kashi zai tafi da ganyensa da ƙananan saiwoyinsa, a bar yankan ya sha iska, a dasa.

To, a nan ne ilmi ya ke da amfani. Akwai wata irin moɗa mai bakin ganye rawaya, ita ce masu saye su ka fi so. An same ta a ƙasar Kongo kusa da Kisangani, aka sa mata sunan wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Emile Laurent, wanda ya rasu a 1904. In aka yaɗa wannan ta hanyar ganye, 'ya'yan za su fito kore zalla, rawayar ta ɓace, har mai dashe ya yi tsammanin an cuce shi. Ba cuta ba ce. Jikin tsiron tsoka iri 2 ne a jere, da mai rawaya da mai kore, sabon tohon da ke fita daga yankin ganye kuwa daga mai koren ya ke tasowa. Saboda haka mai son yawa ya bi ganye, mai son rawaya ya raba gindi.

Ku duba, malamai, darasi nawa ke cikin tukunya guda. Yaro zai ga tsiro ya haihu ba da iri ba. Zai auna inci, ya ƙirga makonni, ya rubuta abin da ya gani. In aka dasa yanki ɗaya daidai, ɗaya a juye, shi da kansa zai faɗi sakamako. Gani ya kori ji, kuma wannan gwaji bai bukaci kwabo daga asusun makaranta ba.

Sai dai in ja kunne kan abu 2. Na ɗaya, kada a bar ƙananan yara ko kyanwa su tauna ganyen, yana ɓata ciki. Na biyu, kada a ruɗe mu da cewa tukunya ɗaya tana tsabtace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali daga wani gwaji da hukumar sararin samaniya ta Amurka ta yi a 1989, amma cikin rufaffun akwatuna aka yi shi. A 2019 masana na Jami'ar Drexel su ka sake bin lissafin, su ka nuna sai an cika ɗaki maƙil da tsirrai kafin su yi aikin da iskar waje ke yi in ta shigo. Mu shuka ta don kyanta da ilmin da ke cikinta, ya wadatar.

Roƙona ga kowane shugaban makaranta da kowane magidanci mai karanta wannan jarida: in damina ta kama, a nemi ganye ɗaya wurin maƙwabci, a dasa, in ya yi 'ya'ya a ba wani. Allah ya sa mu san darajar abin da ƙasarmu ta tsirar, amin.