Harshe da Ƙuri'a: Darasi Daga Zaɓen Majalisar Ƙasar Beljiyam

1.0 Gabatarwa

Duk ƙasar da Allah ya haɗa al'ummu masu harsuna daban-daban a cikinta, kuma ta zaɓi bin tafarkin dimokuraɗiyya da tsarin tarayya, akwai tambayar da ba za ta iya kauce mata ba. Shin ɗan siyasar da ke neman kujerar majalisar ƙasa yana bukatar ƙuri'ar mutumin da ba ya jin harshensa, ko kuwa zai iya kaiwa gaci da ƙuri'un masu harshensa kaɗai? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, amsar wannan tambaya ita ke nuna ko jam'iyyu za su ɗaure al'ummun ƙasa wuri ɗaya ko kuwa za su raba su gida-gida. Ɗan siyasa tamkar ɗan kasuwa yake, harshen mai saye yake koyo, kuma ba ya ɓata lokaci a kan wanda ba zai taɓa yin ciniki da shi ba. Ƙasar Beljiyam da ke yammacin Turai ita ce madubin da za a duba wannan al'amari a cikinsa, sannan a gwama ta da ƙasar Suwizalan, kafin a waiwayo gida Nijeriya.

2.0 Yadda Jam'iyyu Suka Dare Gida Biyu

Beljiyam ta samu 'yancin kanta a shekarar 1830, kuma a yau mutanenta sun haura miliyan 11. Harsunan hukuma uku ne a ƙasar. Akwai Holanci, wato harshen da ake yi a ƙasar Holan, wanda kimanin kashi 60 cikin 100 na jama'a ke magana da shi a yankin arewa mai suna Filanda. Akwai Faransanci da kimanin kashi 40 cikin 100 ke yi a yankin kudu mai suna Waloniya da kuma babban birnin ƙasar, Burusal. Sai Jamusanci a wani ɗan lungu na gabas, wanda masu shi ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ko da yake masu Holanci sun fi yawa tun farko, Faransanci ne ya zama harshen kotu da majalisa da jami'a da manyan hafsoshin soja. Sai a shekarar 1898 doka ta daidaita harsunan biyu wajen rubuta dokoki, sai kuma a 1930 Jami'ar Ghent ta koma koyarwa da Holanci. Tsarin mulkin ƙasar kansa bai samu fassarar Holanci mai ƙarfin doka ba sai a 1967. Bugu da ƙari, a ƙarni na 19 Waloniya ce mai arzikin kwal da ƙarafa, amma daga shekarun 1960 masana'antunta suka soma durƙushewa, Filanda kuma ta shige gaba. Ke nan bambancin harshe da na yanki da na arziki duk sun taru a kan layi ɗaya.

A shekarun 1962 da 1963 aka shata iyakar harshe a doka. A 1968 rikici ya ɓarke a tsohuwar Jami'ar Leuven, inda ɗalibai masu Holanci suka dage sai sashen Faransanci ya tashi daga yankinsu. Jami'ar ta rabu biyu, har littattafan laburarenta sai da aka raba. Daga nan tsagewar ta shiga jam'iyyu. Jam'iyyar Kiristoci ta rabu a 1968, ta masu sassaucin ra'ayi ta bi sahu a farkon shekarun 1970, ta masu ra'ayin gurguzu kuma ta rabu a 1978. Lokacin da tsarin mulki ya ayyana Beljiyam a matsayin ƙasar tarayya a 1993, babu ko ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun nan uku da ta rage ta ƙasa baki ɗaya.

3.0 Zaɓe Biyu a Rana Ɗaya

Majalisar wakilan Beljiyam tana da kujeru 150, ana kuma raba su ga jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu a mazaɓu 11, wato larduna 10 da birnin Burusal. A zaɓen 2024 lardunan Filanda suna da kujeru 87, na Waloniya 47, Burusal kuma 16. Mai zaɓe a Antwerp jam'iyyun Holanci yake tararwa a takardar ƙuri'arsa, mai zaɓe a Liège kuma na Faransanci. A Burusal da wasu garuruwan gefenta ne kawai ɓangarorin biyu ke fafatawa a fili ɗaya. Doka ba ta hana jam'iyya tsayar da 'yan takara a ɗaya yankin ba. Jam'iyyar N-VA ta Filanda ta jarraba haka a Waloniya a 2024, ba ta samu kujera ko ɗaya ba. Jam'iyya guda da ke da wakilai a majalisa wadda ba ta rabu bisa harshe ba ita ce PTB-PVDA ta 'yan ƙwadago, mai kujeru 15 a wancan zaɓe.

Har wa yau, kafofin watsa labarai ma a rabe suke. Masu Holanci suna da gidan rediyo da talabijin na VRT, masu Faransanci suna da RTBF, kowane ɓangare da jaridunsa da muhawarorinsa na 'yan takara. A watan Disamban 2006 RTBF ta katse shirye-shiryenta da labarin ƙage cewa Filanda ta ɓalle, mutane da yawa kuma suka gaskata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda kowane ɓangare ya jahilci abin da ke gudana a ɗaya ɓangaren.

To amma bayan zaɓe tilas ne a zauna tare. Tsarin mulki ya tanadi cewa ministoci masu Holanci da masu Faransanci su yi daidai a yawa, in ban da firayim minista. Dokokin da suka shafi fasalin ƙasa kuwa sai sun samu rinjaye a kowane rukunin harshe, da kuma kashi biyu cikin uku na dukkan ƙuri'u. Saboda haka mutanen da suka yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin ba za su sassauta wa ɗaya ɓangaren ba, su ne kuma za su kafa gwamnati da shi. Bayan zaɓen watan Yunin 2010, wanda N-VA ta ci kujeru 27, jam'iyyar PS ta Faransanci kuma ta ci 26, sai da aka yi kwana 541 kafin Elio Di Rupo ya kafa gwamnati a Disamban 2011. Bayan zaɓen Mayun 2019 sai a Oktoban 2020 aka samu cikakkiyar gwamnati ta jam'iyyu bakwai a ƙarƙashin Alexander De Croo. Bayan zaɓen Yunin 2024 kuma sai a Fabrairun 2025 Bart De Wever ya zama firayim minista, shi da ya daɗe yana jagorantar jam'iyyar da ke da burin ganin Filanda ta tsaya da ƙafarta.

4.0 Hujjar Masu Kare Tsarin

Masu kare wannan tsari suna da abin cewa, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa Beljiyam ba ta taɓa yin yaƙin basasa a kan harshe ba, kuma a tsawon kwanakin nan 541 makarantu ba su rufe ba, asibitoci ba su tsaya ba, domin gwamnatocin yankuna da gwamnatin riƙon ƙwarya sun ci gaba da aiki. Suna kuma cewa rabuwar ce ta ba masu Holanci mutuncin da aka daɗe ana tauye musu, tsarin daidaito kuma ya hana masu rinjaye danne masu Faransanci. Duk wannan gaskiya ne. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, kuma ƙasar da ta mayar da saɓaninta teburin shawara ta cancanci yabo.

Sai dai akwai asarar da wannan hujja ba ta taɓo ba. Ginshiƙin dimokuraɗiyya shi ne talaka ya iya hukunta mai mulkinsa da ƙuri'a. Idan ministan tarayya mai Faransanci ya cutar da ma'aikaci a Filanda, ma'aikacin ba shi da hanyar kayar da shi ko jam'iyyarsa, domin ba sa cikin takardar ƙuri'arsa. Ministan ya san haka, don haka ba abin da zai sa ya je garinsa ya yi masa bayani da harshensa. Kusan rabin majalisar ministoci ke nan suna mulkin mutanen da ba su da iko a kansu. Wannan ne ya sa a shekarar 2007 wasu malaman jami'a daga ɓangarorin biyu, cikinsu har da Philippe Van Parijs da Kris Deschouwer, suka ba da shawarar a ware kujeru 15 daga cikin 150 a riƙa zaɓensu a mazaɓa guda ta ƙasa baki ɗaya, domin manyan 'yan siyasa su samu dalilin neman ƙuri'a a tsallaken iyakar harshe. Ba a aiwatar da shawarar ba, amma ta gano inda ciwon yake.

5.0 Me Ya Sa Suwizalan Ta Bambanta?

Domin a tabbatar cewa yawan harsuna kaɗai bai isa ya raba jam'iyyu ba, ya kamata a dubi Suwizalan, ita ma ƙasar tarayya ce a Turai. Harsunanta na ƙasa huɗu ne: Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da Romansh. Tana da jihohi 26 da majalisar wakilai mai kujeru 200. Duk da haka manyan jam'iyyunta huɗu suna tsayawa takara a yankunan manyan harsunan, kowace da sunanta a kowane harshe.

Dalili na farko shi ne, layukan da suka raba jama'ar Suwizalan ba su hau kan juna ba. Akwai 'yan Katolika da 'yan Furotesta a tsakanin masu Jamusanci, haka ma a tsakanin masu Faransanci, kuma ɗan gajeren yaƙin basasar da suka yi a 1847 bai bi layin harshe ba. Jihohin Bern da Fribourg da Valais harsuna biyu gare su, Graubünden kuma uku. Dalili na biyu shi ne ƙuri'ar raba gardama. Sau da yawa a kowace shekara dukkan 'yan ƙasa kan kaɗa ƙuri'a a kan tambaya ɗaya a rana ɗaya, kuma gyaran tsarin mulki sai ya samu rinjayen jama'a da na jihohi. Jam'iyyar da ke son manufarta ta wuce dole ta lallashi mutumin Zurich da na Janeba da na Lugano, kowa da harshensa. Bukatar ƙuri'a ce ta riƙe jam'iyyun a dunƙule.

6.0 Waiwaye Gida

Nijeriya ba baƙuwar wannan matsala ba ce, domin ita ma tarayya ce mai ɗaruruwan harsuna, kuma ta taɓa bin tsarin firayim minista. A zaɓen 1959 na majalisar wakilai mai kujeru 312, jam'iyyar NPC ta ci kujeru 134, dukkansu daga Jihar Arewa, yayin da NCNC ta fi ƙarfi a Gabas, AG kuma a Yamma. Rikicin zaɓen 1964 da abin da ya biyo baya har zuwa juyin mulkin Janairun 1966 sananne ne. Saboda wannan tarihi ne tsarin mulkin 1979 ya shar'anta wa mai neman shugabancin ƙasa samun aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Tsarin mulkin 1999 ya riƙe wannan sharaɗi, ya hana jam'iyya suna ko tambari mai nuna ƙabila ko addini, ya kuma wajabta shugabanninta su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. A taƙaice, Nijeriya ta rubuta a doka abin da malaman Beljiyam suka nema ba su samu ba. Duk mai kiran a sassauta waɗannan sharuɗɗa, ya fara duba abin da ya faru a Beljiyam.

Amma doka ofisoshin jam'iyya kawai take iya bazawa a faɗin ƙasa, fahimtar juna kuwa a aji ake shuka ta. A Filanda yara kan fara koyon Faransanci tilas tun a firamare, alhali an shafe shekaru masu yawa ba a tilasta Holanci a makarantun Waloniya ba, ɗalibai da dama kuma suka gwammace Ingilishi. Manufar Ilimi ta Ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Igbo da Yarabanci ban da harshensa na gida, amma ƙarancin malamai ya hana wannan buri cika. Mai zaɓen da ke jin harshe fiye da ɗaya yana da wuyar yaudara, domin yana iya gane ɗan takarar da ke faɗin magana ɗaya a gidan rediyon wannan gari, ya faɗi kishiyarta a na wancan.

7.0 Kammalawa

Abin da tarihin Beljiyam ya nuna shi ne, jam'iyya takan rabu bisa harshe ne idan rabuwar ba ta jawo mata asarar ƙuri'a, kuma da zarar ta rabu, mayar da ita yana da matuƙar wuya. Fiye da shekara 45 ke nan babu ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun nan uku da ta sake haɗewa. Saboda haka wajibi ne ƙasar tarayya mai harsuna da yawa ta tsara zaɓenta ta yadda mai neman mulki zai bukaci ƙuri'ar wanda ba ya jin harshensa, ta kuma tarbiyyantar da yaran da za su iya sauraren juna kafin su kai shekarun zaɓe. Na farko aikin masu tsara dokoki ne, na biyu kuwa yana wuyan malamin harshe. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.