RA'AYINMU: Kyawun Tafiya Dawowa, Amma A Sauka Ina A Ayalan?

Daga watan Yuni zuwa Agusta na kowace shekara, filayen jiragen sama na Dublin da Cork da Shannon da Knock sukan cika da 'yan asalin ƙasar Ayalan mazauna ƙetare, masu zuwa ganin gida. Wasu daga Amurka suke, wasu daga Ingila ko Ostareliya, wasu kuma daga nan Afirka. Tambayoyi biyu ne suke biye da yawancinsu: a wane yanki za a yi hutun bana, kuma shin a can ɗin ne za a koma da zama idan aka yi ritaya?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, mu dai da ruwanmu. Daga wannan ƙaramin tsibiri ne su Sista na St. Louis suka taso har suka iso Kano a shekarar 1948. Daga can ne su Fada na ƙungiyar SMA suka yi ta zuwa yankunan Kaduna da Jos, 'yan ƙungiyar Augustine suka nufi Yola da Maiduguri, su Fada na Kiltegan kuma suka yi aiki a ƙasar Minna. Banda su akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ba limamai ba. Makarantu da asibitocin da suka kafa sun amfani Kirista da Musulmi baki ɗaya. Yawancin waɗannan bayin Allah sun tsufa, da yawa sun riga sun koma, 'yan kaɗan da suka rage kuma suna ta shawara da zuciyarsu. Wanda ya ba ka ƙuruciyarsa, bai kamata ka kasa tambayar inda zai kwantar da tsufansa ba.

Kafin a fahimci nauyin wannan tambaya, sai an san yadda mutanen suka fita. A ƙidayar 1841, mutanen tsibirin sun haura miliyan 8. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka a can, kuma shi ne wanda ake kira da sunan ƙasar a kasuwannin Filato har yau. Yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan ɗaya kuma suka tsallaka teku. Hijirar ba ta tsaya nan ba, har ta kai a 1961 mutanen Jamhuriyar Ayalan sun ragu zuwa miliyan 2.8. Sai a ƙidayar 2022 ne suka sake haura miliyan 5. A Amurka kaɗai, mutum sama da miliyan 30 ne suke cewa tushensu Ayalan. Ke nan ƙasa ce wadda 'ya'yanta da jikokinta na waje suka ninka na gida, kuma kowannensu yana da wani ƙauye da yake kira nasa.

A ra'ayinmu, babban haɗarin da ke gaban mai komawa shi ne ya haɗa tambayoyin nan biyu ya mayar da su ɗaya. Wurin hutu ido ne yake zaɓensa. Wurin zama kuwa sai an shawarci aljihu da lafiyar jiki da maƙwabci.

Idan maganar hutu ce, ba mu ga laifin wanda ya nufi yamma ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi hijira daga can suka fito, wato gundumomin Mayo da Galway da Clare da Kerry da Donegal, kuma can ne kyawun ƙasar ya taru. A 2014 hukuma ta buɗe wata hanyar yawon buɗe ido mai tsawon kilomita kusan 2,500, wadda ta bi gaɓar Tekun Atlantika tun daga Donegal a arewa har garin Kinsale a kudu. A kanta ne ake ganin duwatsun Moher da suka miƙe sama da mita 200 daga bakin ruwa, da ƙauyukan Connemara inda har yanzu ake magana da harshen ƙasar na asali. Mai son ziyarar ibada yana da Knock, wanda ya yi suna tun 1879, da dutsen Croagh Patrick da dubban mutane suke hawa ranar Lahadin ƙarshe ta watan Yuli, don tunawa da Waliyyi Patrick, wanda a 1961 aka naɗa shi waliyyin Nijeriya. A watan Yuni hasken rana yakan kai awa 17, har mutum ya ci abincin dare ya fita yawo gari bai yi duhu ba. Ga dangi sun taru, ga kowa yana marhabin da baƙo. Wa zai ga wannan bai ce a nan zai ƙare rayuwarsa ba?

Sai dai watan Yuli ba shi ne shekara ba. A watan Disamba hasken rana ba ya kai awa 8. A wasu sassan yamma ana samun ruwan sama kwana kusan 225 a shekara, alhali a gabas da kudu maso gabas kwana kusan 150 ne. Ba irin ruwanmu ba ne da zai sauko da ƙarfi ya ɗauke rana ta fito. Yayyafi ne da iska mai sanyi da suke shiga ƙashi, kuma wanda jikinsa ya saba da zafin Yola na shekara arba'in zai ji su fiye da kowa. Da zarar masu hutu sun watse a watan Satumba, otal-otal da shaguna da dama a ƙauyukan bakin teku sukan rufe sai baɗi, gidajen hutu su zama ba kowa ciki. Gundumar Donegal, duk da kyawunta, babu jirgin ƙasa na fasinja da ke shiga cikinta, haka ma Cavan da Monaghan. Dattijon da ido ya fara yi masa rauni har ya daina tuƙi, da me zai je ganin likita?

Mutanen ƙasar da kansu sun taɓa amsa wannan tambaya. Tsibirin Blasket da ke gaɓar Kerry yana cikin wurare mafiya kyau a Ayalan, kuma mazaunansa sun yi suna wajen iya harshe da ba da labari. Amma a 1953 sai da aka kwashe sauran mutanen da suka rage a kansa aka dawo da su tudu, saboda matasa sun tafi, kuma idan teku ta yi fushi babu hanyar kawo likita ko limami. Yau masu yawon buɗe ido suna zuwa da rani su ɗauki hoto su koma. Kyawun wuri bai taɓa ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti ba.

To, sai a koma birni ke nan? Nan ma da sauran magana. Gundumar Dublin tana ɗauke da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, kuma a can ne manyan asibitoci da ayyuka suka fi yawa. Amma tun bayan karyewar tattalin arziki a 2008 ginin gidaje ya ja baya ƙwarai, jama'a kuma suka ci gaba da ƙaruwa, har ƙarancin muhalli ya zama babbar matsalar ƙasar. Kuɗin haya a Dublin ya fi na ko'ina, Cork da Galway suna biye. Ma'aikacin da ke ɗaukar albashi yana kuka, balle mai ɗan fansho. Shi ya sa muke ganin hikima tana tsakiya, wato a garuruwa matsakaita masu asibiti da tashar jirgin ƙasa da kasuwa da majami'a a kusa da juna, irin su Kilkenny da Wexford a kudu maso gabas inda rana ta fi fitowa, ko Castlebar da Sligo da Tralee ga wanda zuciyarsa ta ƙi rabuwa da yamma. Daga irin waɗannan garuruwa mutum zai iya kai wa ƙauyen kakanninsa ziyara ya dawo a yini guda.

Akwai kuma batun iyaka. Gundumomi 32 ne a tsibirin, 26 a Jamhuriyar Ayalan, 6 kuma a Ayalan ta Arewa ƙarƙashin Birtaniya. Tun bayan yarjejeniyar sulhu ta 1998 mutum yakan tsallaka ba tare da ya ga shinge ba, amma dokoki biyu ne. A kudu ana kashe Yuro, a arewa fam na Ingila. Tsarin asibiti da haraji da fansho duk sun bambanta, kuma tun 2020 arewa ta bi Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai. Mai hutu ba ruwansa da wannan. Mai zama kuwa dole ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa hannu a takardar gida.

Haka nan batun takardu. Wanda aka haifi kakansa a tsibirin yana iya neman rajistar zama ɗan ƙasa, amma fasfo kaɗai ba ya buɗe kowace ƙofa. Tun 2004 doka ta ce kafin a ba mutum wasu nau'o'in tallafin gwamnati sai ya nuna cewa a ƙasar yake zaune da gaske. Abin yabo ne cewa akwai ƙungiyar Safe Home da aka kafa a gundumar Mayo a shekarar 2000 domin taimaka wa tsofaffin 'yan ƙasar da ke son komawa, da shawara da neman muhalli. Su Fada da su Sista suna da sauƙi ta wannan fuska, domin ƙungiyoyinsu suna da gidaje a Cork da Kiltegan da sauran wurare inda ake kula da tsofaffi. Amma ko su ma sai sun zaɓa tsakanin zama cikin 'yan'uwan aiki da zama kusa da dangi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne mutane. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ƙasar da matashi ya bari a 1965 ba ita zai tarar ba. A ƙidayar 1991 sama da kashi 90 cikin ɗari na mutanen Jamhuriyar 'yan Katolika ne, a 2022 kuwa kashi 69. Limamai sun yi ƙaranci har ana haɗa ikilisiyoyi, kuma a wurare da dama Fada ɗan Nijeriya ne yake tsaye a bagadi, abin da ya nuna cewa shukar da aka yi a nan ta ba da 'ya'ya. Mutum ɗaya cikin biyar na mazauna ƙasar a waje aka haife shi, har a 2007 garin Portlaoise ya zaɓi Rotimi Adebari, haifaffen Nijeriya, ya zama magajin gari. Abokan wasan ƙuruciya da yawa suna maƙabarta, 'ya'yan ƙanne kuma suna Dublin ko Kanada suna neman abinci. Dangin da suka bar aikinsu na mako biyu don karɓar baƙo ba za su iya yin haka shekara zagaye ba.

Mun san akwai masu cewa wannan duk lissafin 'yan kasuwa ne, kuma mutumin da ya ga dama ya mutu a ɗakin da aka haife shi, kusa da kabarin iyayensa, ba a auna masa da ma'aunin ruwan sama. Muna girmama wannan magana. Kishin mahaifa ba abin raini ba ne, kuma wanda yake da ƙani ko ƙanwa a ƙauye da za su riƙa leƙa shi safe da yamma, ya fi mai katafaren gida a birni da ba wanda ya san sunansa. Abin da muke cewa shi ne a tabbatar mutanen suna nan, ba tunaninsu kaɗai ba. Mun kuma san akwai waɗanda suka auna duka suka ga cewa gidansu na gaskiya shi ne inda suka yi aiki, suka zauna tare da mu har aka binne su a ƙasarmu. Wannan ma zaɓi ne mai daraja.

Saboda haka shawararmu ga duk mai wannan niyya ita ce, ya yi hutunsa inda ransa yake so, amma kada ya sayar da abin da yake da shi ko ya sayi gida a kan abin da ya gani a watan Yuli. Ya kama haya, ya zauna daga Nuwamba zuwa Fabrairu a garin da yake tunani. Ya auna tazarar da ke tsakaninsa da asibiti, ya ga ko likitan unguwa zai karɓi sabon mara lafiya, ya lissafa kuɗin ɗumama ɗaki, ya ƙirga mutum nawa ne suka ƙwanƙwasa masa ƙofa ba tare da ya gayyace su ba. Gani ya kori ji.

Ga matasanmu da suke jin labarin Ayalan suna ɗokin tafiya, su sani cewa ɗan Nijeriya sai da biza, kuma bizar sauran ƙasashen Turai ba ta shigar da mutum can. Tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2004, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta mayar da jariri ɗan ƙasa. Ƙarancin gida da ke damun ɗan gida ba zai ƙyale baƙo ba.

Daga ƙarshe muna kira ga ikilisiyoyinmu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, su nemi adireshin malamansu da suka koma, su rubuta musu, su buga musu waya, su aika musu hoton makarantar da suka gina. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana amsa gaisuwa da Hausa, yau yana zaune a ɗaki a Cork ana yayyafi a waje, ba abin da zai faranta masa rai kamar ya ji an ce masa ina kwana, ina gajiya. Allah ya saka musu da alheri, ya sa su sauka inda za su sami masu kula da su.