Raddi Ga Masu Cewa "Mai Duk Mai Ne"

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, matatar man Jaili da ke arewacin Khartoum ta faɗa tsakiyar fagen daga, duk abin da ake zuba wa inji ya yi tsada a Gadarif. Cikin wannan ƙunci wata magana ta samu gindin zama a bakin wasu masu sayar da mai a kwalba da wasu kanikawa: wai mai duk mai ne. Nufinsu, inji mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa mai a cikin fetur, ba ya bukatar wani mai nasa na daban. Baƙin man mota ya wadatar, kai har wanda aka juye daga tarakta. Maganar ta shafi masu tsofaffin raksha ƙirar Bajaj, da masu injin feshi na goyo a gonaki, da masu zarton inji. Amma waɗanda ta fi yi wa illa su ne masunta da masu fito da suka ɗaura inji a kwale-kwalensu, a tafkin da ya taru bayan madatsun Rumaila da Burdana a kan kogunan Atbara da Satit, waɗanda aka ƙaddamar a 2017. Hausawa ba kaɗan ba ne a bakin waɗannan koguna, saboda haka amsar ta zama wajibi.

Hujjarsu ta farko: aikin mai santsi ne, kowane mai kuwa yana da santsi. Wannan shi ne abin da malaman usulu ke kira ƙiyasi tare da bambanci. A injin mota mai yana da ɗakinsa a ƙasa, famfo ya ɗauke shi, ya zagaya, ya bi ta matata, ya dawo, har ranar juye. A inji mai bugu biyu babu wannan ɗaki. Man yana shiga ne tare da fetur ta kafireta, ya shafi boris ɗin kiranshaf da bangon silinda, sannan ya haura ya ƙone tare da fetur ɗin. Ke nan ba santsi kaɗai ake nema a gare shi ba, ana neman ya narke a fetur bai kwanta a gindin tanki ba, kuma in ya ƙone kada ya bar dauɗa. Man mota kuwa an cika shi da sinadaran wanki na kalsiyam da magnisiyam, da na hana zaizaya masu tutiya da fosfaras. Waɗannan ba sa ƙonewa, toka suke zama. Tokar ta daskare a bakin fulogi, ta hau kan fistin, ta cike ramin ringi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan bakanike yana kwance irin wannan inji ya ga abin: ringin da ya kamata ya riƙa motsi a raminsa ya manne kamar an yi masa walda, sai da tsinin wuƙa ake ɓamɓaro shi, gefen fistin ɗin ta wajen salansa kuma duk zane-zane ne. Daga nan sai a ce inji ya buga, a ɗora laifin a kan fetur.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Suna cewa magabata da man mota suka yi aiki, injinansu kuma suka daɗe. Haka ne. Littattafan tsofaffin injinan jirgi sun ce a sa man mota mai lamba 30. Sai dai a duba nawa ake sa wa, kuma wane iri. Injin British Seagull na Ingila mai ɗaya yake sha a fetur goma. Johnson da Evinrude na Amurka suna kan ɗaya cikin 24 har zuwa 1964, lokacin da suka koma ɗaya cikin 50. Man da ake nufi a wancan zamani kuma zalla ne, marar sinadarin wanki, injinan ba su da gudu, kuma kankare baƙin ƙauri daga kan fistin aiki ne da ake yi a kai a kai, ba a ɗauke shi matsala ba. Man injin dizal mai lamba 15W-40 da ke cike da shagunan Gadarif domin taraktocin dawa da riɗi wata halitta ce daban. Shi kuwa man juye ba ya ma bukatar dogon bayani. Ɓurɓushin ƙarfe ne da ƙauri da tsami, za a tura su kai tsaye cikin boris, a injin da ba shi da matatar mai ko guda.

In an ƙure su a nan, sai su ja da baya taku ɗaya su ce: to mun yarda da man 2T na inji mai bugu biyu, amma ai shi duk ɗaya ne, na raksha ya yi wa injin jirgi. Wannan shubuha ita ta fi yaɗuwa, domin har masu kula da kayansu tana kama su. Injin jirgi irin Yamaha Enduro ruwan tafki ke sanyaya shi, yana kuma shafe tsawon tafiya a kan gudu guda. Zafinsa bai kai ya fitar da toka ba, shi ya sa ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, NMMA, ta fitar da ma'aunin TC-W3, na man da ba shi da toka sam. Injin feshi da zarto da tsohuwar raksha iska ke sanyaya su, kawunansu sun fi zafi nesa ba kusa ba, kuma sinadarin wankin da ke cikin TC-W3 ba a yi shi don wannan zafi ba. Nasu ma'aunin daban ne: JASO na Japan, wanda ya fara aiki a 1994, da matakansa FB da FC da FD, ko API TC. Littafin zarton Stihl ya hana sa man injin jirgi ƙarara, na Husqvarna ma haka.

Wani zai ce to ashe ƙa'idar mai sauƙi ce, abin da ke kan ruwa TC-W3, abin da ke kan tudu JASO. Ko wannan ma ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma babur ɗin ruwa, wanda masu hali ke tsere da shi a bakin teku, shi ya rushe ta. Yamaha ta yarda a sa TC-W3 a baburanta na ruwa masu bugu biyu. Sea-Doo ta Kanada kuwa, mai amfani da injin Rotax, ta rubuta a littafinta cewa kada a kuskura a sa shi, API TC mai 'yar toka kaɗan take so. Ga injina biyu a ruwa ɗaya, aikinsu ɗaya, amma abincinsu daban, saboda wanda ya ƙera kowanne ya san zafin da ringinsa ke kaiwa. In har kamfanoni biyu sun saɓa a kan abin da ya yi kusa haka, ina mai kwalba a bakin titi ya samo ilimin haɗe su duka a hukunci guda? Littafin inji shi ne nassi, sauran duk ra'ayi ne.

Sai batun yawa. Suna cewa a cika mai, hayaƙi alamar inji ya ƙoshi ne. Ɗaya cikin 50 na nufin mililita 20 a litar fetur, wato 400 a jarka mai lita 20. Enduro kuwa sai yana sabo ake ninka masa, ɗaya cikin 25, a awa goma na farko, sannan a dawo. Abin da ya wuce haka ba ya ƙonewa duka. Yana jiƙa fulogi, ya toshe ƙofar salansa, ya fita hayaƙi. Indiya ta ɗanɗana wannan: a 1998 Kotun Ƙolinta ta hana sayar da man 2T a buɗe a gidajen mai da garejojin Delhi, domin masu keken haya suna kwarara shi da ido. Dhaka kuma ta kori kekuna masu bugu biyu daga titunanta a farkon 2003. A ruwa abin ya fi muni, don salansar injin jirgi a cikin ruwan take. Inji mai kafireta irin wannan yana iya zubar da kusan rubu'in abin da ya sha bai ƙone ba, dalilin da ya sa aka hana irinsa a tafkin Tahoe na Amurka tun 1999. Gadarif gari ne da ƙishirwa ta daɗe tana gallaba, kuma daga kogin Atbara, ta tashar Shuwak, ake turo masa ruwan sha. Man juyen da aka zuba a tankin kwale-kwale, rabonsa yana komawa cikin ruwan da ake kama kifi, ake shayar da dabbobi, ake kuma ɗiba a kai gida.

Hujjar da suke ajiyewa sai ƙarshe ita ce wadda mai wannan rubutu ya fi girmamawa: kasuwa cike take da jabu, to me ya raba kwalbar da aka rubuta wa TC-W3 da man mota, in abin da ke ciki ɗaya ne? Tambaya ce ta mai hankali. Sai dai jabu hujja ce a kan maƙaryaci, ba a kan ma'auni ba. Man da NMMA ta amince da shi yana ɗauke da lambar rajista a jikin robarsa, na JASO ma yana da tambari mai kusurwa huɗu da lamba a samansa. Robar da ta ce "ya dace da kowane inji" ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba, ta riga ta tona kanta. Launin shuɗi ko ja ba shaida ba ne, rini ne da ake sa wa don a gane fetur ɗin da aka riga aka gauraya, kuma kowa na iya sayen rini. Abin da ya rage a hannun masunci shi ne ya duba hatimin murfi, ya ƙi man da aka ɗura a kwalbar ruwa, su haɗa kuɗi su uku ko huɗu su sayi katan a rufe daga dila ɗaya da za su iya komawa wurinsa, kuma ya yi awon da sirinji ko kofi mai lamba maimakon murfin jarka. Bayan mako guda ya kwance fulogi ya duba: in bakinsa a bushe yake, launin ƙasa-ƙasa, man ya yi. In ya ga farin ɓawo ya taru ko baƙin maiƙo yana naso, ya mayar wa dila sauran katan ɗin.