Agogon da ke cikin duwatsun Andis

A ranar 31 ga watan Mayu na 1970 wata mummunar girgizar ƙasa ta auku a gaɓar tekun ƙasar Peru, ta kakkaɓo ƙanƙara da duwatsu daga ƙololuwar tsaunin Huwaskaran, suka gangaro suka binne garin Yungai. Waɗanda suka rasa rayukansu a wannan bala'i sun kusa dubu 70. To, jama'a masu karatu, tushen abin yana can ƙarƙashin ƙasa, inda wani makeken falalen dutse na gindin tekun Fasifik, wanda masana ke kira falalen Nazka, yake kutsawa ƙarƙashin nahiyar Amurka ta Kudu da 'yan santimitoci a kowace shekara.

A yawancin wurare falalen yakan nutse a karkace, ruwan da ke jikinsa ya narkar da dutsen da ke bisansa, shi ya sa ake samun tsaunuka masu aman wuta kamar Misti na kusa da birnin Arekifa. Amma a tsakiya da arewacin Peru, da ya kai zurfin kilomita 100 sai ya kwanta, ya miƙe ɗaruruwan kilomitoci, wutar tsaunukan yankin kuwa ta mutu. Yaushe ya kwanta? Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da ɗoriya, saboda haka babu mai zuwa ya gano da idonsa.

Sai masana suka koma ga duwatsun da ke sarari. A cikin dutse akwai 'yan ƙwayoyi masu suna afatait da zarkon, masu ɗauke da ɗigon yuraniyom, irin ma'adinin nan da ake haƙowa a Arlit. Jefi-jefi ƙwayar zarrar yuraniyom takan tsage gida biyu, ta bar ɗan tabo siriri wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Muddin dutsen yana da zafi, tabon yakan goge. Afatait ba ya riƙe tabonsa sai zafi ya sauka ƙasa da digiri 110, shi kuwa zarkon wajen digiri 240. Martin Dodson na Jami'ar Leeds ne ya tsara lissafin wannan iyakar zafi a 1973. Wato in an ƙidaya tabban, an kuma auna yawan yuraniyom, abin da za a samu shi ne lokacin da dutsen ya huce, ba lokacin da ya samu ba. Tun da yake zafin ƙasa yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ta zurfi, hucewar tana nuna lokacin da zaizaya ta yaye abin da ya danne dutsen, ya matso sama.

Da aka gwada duwatsun yammacin Andis na arewacin Peru, sai aka ga sun fara hucewa da sauri wajen shekaru miliyan 15 da suka wuce. Wannan ya zo kusa da lokacin da ake ƙiyasta cewa wani dogon tudu mai kauri na gindin teku, tudun Nazka, ya fara shiga ƙarƙashin nahiyar. Shi ne ake kyautata zaton ya taimaka wajen tallafo falalen har ya kwanta.

Sai dai a ganina nan ne wurin taka-tsantsan, domin agogon hucewa kaɗai yake faɗa, ba ya faɗin dalili. Falalen da ya kwanta sanyi gare shi, ga shi ya kashe wutar tsaunuka, don haka yana iya sanyaya dutse daga ƙasa ba tare da dutsen ya motsa ko taku ɗaya ba. An yi irin wannan muhawara kan duwatsun yammacin Amurka, inda falalen Faralon ya kwanta fiye da shekaru miliyan 50 da suka wuce. Shi ya sa masu bincike na ƙwarai ba sa dogara da samfuri ɗaya. Sukan ɗebi duwatsu tun daga gindin kwari har ƙololuwa, su gwada afatait da zarkon tare, sa'an nan su duba yashi da tsakuwar da suka taru a kwaruruka irin na kogin Santa, don su ga ko akwai zaizayar da ta kai yawan abin da agogon ya nuna.