Gyaran Tsohon Gida da Sanyin Hunturu a Gobir

Idan hunturu ya sauko daga arewa ya bi gulbin Rima, mutanen Sabon Birni da na Isa sun san ɗakin da ke riƙe ɗumi. Tsohon soro mai kaurin bango, mai azara da daɓe, yakan sha rana yini guda, kana ya riƙa sakin ɗuminta har asuba. Amma attajiri in ya sami buɗi sai ya rushe soron ubansa, ya aza kwano, ya malala simintin Kalambaina a ƙasa. To, watan Janairu na kamawa sai ƙasan ɗaki ya koma kamar ƙanƙara, malami ba ya iya zama bisa buzu ya yi bita. Daga nan sai a shigo da kaskon garwashi, a rufe ƙofa da taga. Nan halaka take, gama garwashi na fitar da wata iska marar launi, marar wari, wadda mai barci ba ya jin shigarta, sai dai a wayi gari a tarar ya cika.

Fatake da suka je ƙasashen sanyi sun ga wata dabara. Sa'ad da ake gyaran tsohon gida sai a tone ƙasan ɗaki, a shimfiɗa bututun roba, a rufe da siminti, ruwan ɗumi ya dinga zagayawa ciki. Asalinta daɗaɗɗe ne. Rumawan da sun bi da zafin wuta ta ƙarƙashin ɗakunan wankansu, mutanen Koriya kuwa ta ƙarƙashin ɗakin kwana. Su ma sun ɗanɗana kuɗarsu: da suka koma ƙona kwal, gubarsa ta riƙa bin tsagar daɓe tana kashe mutane da yawa a shekarun 1960 da 1970, sai da suka juya ga bututun ruwa.

Ga ƙasar Gobir dai wannan bututu ɓarnar dukiya ce. Sanyin bai wuce wata uku ba, injin tura ruwan yana son lantarki tsayayye, ranar da bututu ya huje kuwa sai an fasa ɗaki. Sa'an nan ga bazara tafe, wadda ba ruwanta da kuɗin da aka binne.

Alhali kuwa hikimar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: gadon ƙasa da ake hura wuta ƙarƙashinsa ke nan. Mai gyaran gida ya bar bangon ƙasa da azara yadda ya gada, ya yaɓe, ya sabunta daɓe da makuba. In tsoho ko majinyaci na bukatar ɗumi, magini ya gina gadon da bakin wutarsa da mafitar hayaƙinsa duk suna waje, a toshe kowace tsaga kafin sanyi ya shigo, a kuma bar taga ɗaya buɗe ko da faɗin tafin hannu ne.