Ra'ayinmu: Rancen Gida Ba Tare Da Kafin Alƙalami Ba

Duk ɗalibin da ya kusa fita, da duk ƙaramin ma'aikacin da ya fara karɓar albashi, tunanin muhalli na nan a ransa. Ko'ina a duniya kuwa, wanda ya je neman rancen sayen gida akan ce masa ya fara ajiye wani kaso na kuɗin tukuna, watau kafin alƙalami. A nan ne talaka yakan tsaya cik, domin mai biyan haya wata-wata ba ya iya tara wannan kuɗi, ko da kuwa yana da ƙarfin biyan rancen kansa.

A ƙasar Amurka an daɗe da gane wannan. A shekarar 1949 Shugaba Truman ya sa hannu a kan Dokar Gidaje, wadda sashenta na 502 ya ba Ma'aikatar Aikin Gona ikon ba manoma rancen gina gida. A 1961 aka faɗaɗa shirin ya haɗa da sauran mazauna karkara waɗanda ba manoma ba. Yau yana da rassa biyu. A na farko gwamnati ce da kanta take ba masu ƙaramin ƙarfi rancen, su biya cikin shekara 33 ko 38, kuma takan rage musu kuɗin ruwa har ya sauko zuwa kashi 1 bisa ɗari. A na biyu banki ne yake ba da kuɗin na shekara 30, gwamnati kuwa ta tsaya wa mai karɓa, ta lamunce har kashi 90 bisa ɗari na bashin. Saboda wannan lamuni ne banki yake yarda ya ba da kuɗin gidan gaba ɗaya.

Amma fa akwai sharuɗɗa. Dole gidan ya kasance a yankin da hukuma ta ƙidaya a karkara, dole mai saye ya zauna a ciki da kansa, kuma a reshe na biyu abin da iyalinsa ke samu kada ya wuce kashi 115 bisa ɗari na matsakaicin samun mutanen yankin. Har ila yau ana biyan ladan lamunin: tun 2016, kashi 1 bisa ɗari a farko, sa'an nan kashi 0.35 kowace shekara.

Kada kuma a ɗauka kyauta ce. Wanda bai ajiye kome ba, bashinsa ya fi yawa, abin da zai riƙa biya a wata ma ya fi nauyi. In darajar gidaje ta faɗi, kamar yadda ya faru a Amurka wajen 2008, sai mutum ya wayi gari bashin da ke kansa ya fi kuɗin gidan. Don haka ba a ba kowa sai an binciki samunsa da yadda ya saba biyan bashi.

To, me ya haɗa mu da wannan? Mu ma muna da Bankin Tarayya na Rancen Gidaje tun 1977, da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yanke wa ma'aikacin gwamnati kashi 2.5 bisa ɗari na albashinsa dominsa. Malamin makarantar ƙauye da malamin asibitin karkara ana yanke musu kamar kowa, amma a mahaifarsu da wuya su ci moriyarsa. Dalili kuwa shi ne takarda. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, bankuna kuma sun fi karɓar jinginar filin da ke da takardar shaidar mallaka daga gare shi. Filin gado a ƙauye galibi ba shi da ita. Mai fili ke nan, amma ba shi da abin jingina.

Abin da muke kira gare shi uku ne. Na ɗaya, gwamnatocin jihohi su sauƙaƙa auna filayen karkara da ba su takardu, cikin kuɗi kaɗan. Na biyu, Gwamnatin Tarayya ta rage kai wa gina rukunin gidaje da kanta, ta tsaya wa ƙananan ma'aikatan karkara a gaban bankuna. Na uku, tun da yawancin jama'armu suna ƙyamar kuɗin ruwa saboda addini, a tsara shirin ta hanyar bankunan da ba sa cin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012.

'Yan'uwa ɗalibai, gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin filaye da na kuɗi. In muka ba mutumin ƙauye takardar filinsa, muka tsaya masa, ba zai bar gida ya tafi birni neman ɗakin haya ba. Allah ya sa mu tuna da haka ranar da alƙalami ya zo hannunmu.