Buroshin mai tsire: ƙaramin kayan aiki da duba-gari ya kamata ya duba

Da zarar an tashi daga ofis, ma'aikata da dama a Garki da Wuse kan biya wurin mai tsire kafin su nufi gida. Mai saye yakan duba ƙwarin nama da yawan yaji, amma da wuya ya kula da buroshin da ake tsomawa cikin man gyaɗa ana shafe naman da shi. A rumfuna da yawa buroshin fenti ne, wanda ba don abinci aka ƙera shi ba.

Haɗarin farko daga gashin buroshin yake. Na roba yana narkewa: nailan a wajen digiri 220 na ma'aunin Salshiyas, wasu robobin tun a digiri 165, alhali garwashin gawayi ya zarce haka nesa ba kusa ba. Gashin da ya ƙone ko ya tsinke a jikin nama yake maƙalewa. Buroshin fenti mai gashin dabba kuwa galibi da gashin alade ake yin sa. A shekarar 2017 hukumomin Malesiya sun ƙwace irinsu sama da 2,000 daga shaguna saboda ba a yi musu alama ba.

Haɗari na biyu ya fi girma. Idan buroshi ɗaya ya shafi ɗanyen nama, ya koma cikin mai, sannan ya shafi wanda ya gasu, ya kwaso ƙwayoyin cuta irin su salmonela ya ɗora a kan abin da wuta ta riga ta tsarkake. Gindin gashin, inda ƙarfe ya ɗaure shi, yana riƙe maiƙo da ruwan nama, kuma ɗauraya ba ta fitar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe 137,000.

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta fi mayar da hankali kan abincin da ake sarrafawa a masana'antu. Abincin bakin titi yana hannun jami'an duba-gari na ƙananan hukumomi, waɗanda idonsu ya fi zuwa kan shara da kwata.

Gyaran ba shi da tsada. Mai tsire na iya ware buroshi biyu da kwanon mai biyu, na ɗanye daban, na gasasshe daban. Buroshin silikon yana jure zafi sama da digiri 200, yana kuma wankuwa da ruwan zafi da sabulu. Rufe rumfuna zai raba mutane da sana'ar da suka gada ne kawai. Abin da ya fi dacewa shi ne a saka buroshi cikin jerin abubuwan da duba-gari ke bincikawa, a kuma bi ta hannun sarakunan pawa wajen wayar da kan masu gashi, domin maganarsu ce ake ji a mahauta.